Shekarar da Aka Zubar da Kwalaben Hadizatu

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar Asabar, a tsakiyar zafin bazara, tasi ta tsaya a ƙofar gidanmu na cikin garin Yola. Mu uku ne a zaure: ni, da yayana Hamma Buba, wanda shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinmu, da abokin aikina Yohanna, mutumin wajen Numan, wanda ya zo daga Jimeta ya kawo mini makullin siton da muke aiki. 'Yata ta fari ce ta fito daga motar, wadda ku ƙannenta kuke kira Adda. Ta dawo ne daga jami'arta ta bakin teku, domin malamai sun shiga yajin aiki an rufe makaranta. Ba jakar tufafinta ta fara saukewa ba. Wasu katan-katan ta fara saukewa, ta hana direba taɓa su, tana ɗauka da hannu biyu tana tafiya a hankali.

Yohanna ya tashi ya kama mata. Da ya ji nauyi sai ya ce:

"Kai, wannan tsaraba ya yi nauyi. Manja ne ka kawo wa tsofaffi?"

"Aikina ne, Baba Yohanna. Kada ka karkata shi."

Hamma ya leƙo daga kan tabarmarsa yana dariya.

"Kifin ne dai aka kawo mana a ƙarshe?"

"Ba na ci ba ne, Baffa."

"To mene ne amfanin karatun kifin da ba a ci?"

Duk muka yi dariya, har ita. Na rubuta wannan dariyar ne domin ku san cewa lafiya aka fara.

Dalilin wannan babi shi ne, a wani biki da aka yi kwanan baya, jikata ta dawo gida tana kuka. Wai wata yarinya ta gaya mata cewa korar Addarku aka yi daga gidan Yola, saboda ta shigo da giya da kayan tsafi. Yarinyar da ta faɗi haka ba a haife ta ba lokacin da abin ya faru, ke nan a bakin manya ta ji. Ni ban yi karatu mai nisa ba. Aikin sito na yi har na yi ritaya, kuma abin da aikin sito ya koya mini shi ne a ajiye kowane abu a gurbinsa. Haka zan jera muku maganar nan, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe.

Kafin komai sai kun fahimci al'adar gidanmu, domin ku a Jimeta kuka girma. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya yabonsa, ba ya tsoma baki a maganarsa gaban manya. Ɗan fari na baffansa ne. Tun ranar da aka haifi Addarku ban taɓa furta sunanta ba, "yarinyar nan" nake cewa, uwarku kuma ta ce "waccan". Hamma ne ya raɗa mata suna, shi ya kama hannunta ya kai ta makarantar allo, shi ne kuma ya ba da izini ta tafi jami'a lokacin da wasu a dangi suke cewa nisan ya yi yawa ga ɗiya mace. Wannan alheri nasa ne, ba zan ɓoye shi ba. Sai dai shi a ransa karatun kifi ta tafi yi, ta dawo ta kama aikin gwamnati wajen masuntan Binuwai. Abin da ya ajiye a ransa ke nan, bai kuma taɓa tambayarta ba.

Washegari da hantsi ta buɗe katan-katan ɗin a ɗakina, daga ni sai ita. Kwalabe ne masu faɗin baki, kowacce cike da ruwa garai-garai, a cikin kowacce kuma akwai wata halitta da ban taɓa gani ba. Kanta kamar jakar fata da ta saki, idanunta kamar na akuya, ga hannuwa takwas sun nannaɗe a ƙasan kwalbar. A jikin kowane hannu akwai ƙananan ƙoƙuna a jere, kamar bakin ƙahon wanzami. Ba zan ce ban ja da baya ba. Amma ni mutum ne da idan ban san abu ba nake tambaya, don haka na zauna na tambaya.

"Mene ne sunanta?"

"Turawa suna ce mata oktofas, Baba. Mu ba mu da sunanta tunda ba mu da teku. Ka ce mai hannu takwas."

"Kifi ce?"

"A'a. Ba ta da ƙashi ko ɗaya. 'Yar'uwar dodon koɗi ce, sai dai ita ba ta da koɗin."

"Da me take ci?"

Ta juya kwalbar ta nuna mini. A tsakiyar hannuwan akwai baki mai ƙarfi, sak irin na aku. Ta ce da ƙoƙunan nan take kama duwatsu da abinci, idan kuma aka biyo ta sai ta fesa tawada ta gudu cikin duhun.

"Akwai ta a Binuwai?"

"Babu. Ruwan gishiri kawai take rayuwa. In ka sa ta a Binuwai ba za ta kai azahar ba."

Daga nan na tambayi abin da ya fi damuna, wato me ya sa kwalaben suka yi yawa haka tunda abu ɗaya ne a ciki. Nan ne ta gyara zama, na ga fuskarta ta canza. Ta ce ba abu ɗaya ba ne. Ta ce in ɗauke su kamar gidanmu: babban gida ɗaya ne, amma akwai sashen Baffa, akwai sashenmu, akwai na Goggo. Waɗannan duka 'yan gida ɗaya ne a wurin masana, aikinta shi ne ta raba su sashe-sashe, ta kuma faɗi inda kowane sashe yake zaune a tekunmu. Ana gane su da tsawon hannu, wanne ya fi wanne, da yawan ƙoƙunan da ke jiki, da kuma yadda ƙarshen wani hannu guda na namijin yake. Wata tana zama cikin duwatsun bakin gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Wata sai cikin laka, can inda manyan jiragen masunta suke jan koma. Ta ce littattafan da ake koya musu sun ambaci 'yan kaɗan ne, domin waɗanda suka rubuta ba su daɗe a bakin ruwanmu ba. Shekara biyu ta yi tana bin wuraren da masunta suke sauke kaya, gari bayan gari, tana roƙon su ba ta abin da za su zubar, suna mata dariya suna ce mata Hausa mai kwasar shara. A cikin kowace kwalba akwai 'yar takarda da ta rubuta da fensir: wurin da aka kama, da zurfin ruwa, da lokacin shekara.

Sai ta ɗauko wata ƙaramar kwalba da ta naɗe da ɗankwalinta. Wadda ke ciki ba ta fi tafin hannu ba, hannuwanta sirara ne dogaye.

"Wannan guda ɗaya na taɓa samu, Baba. Daga ruwa mai zurfi ta fito. Na duba duk littattafan, ba ta yi daidai da kowa ba. Malamina ya ce in ta tabbata, ba wanda ya taɓa rubuta ta."

Ban yaba mata ba, domin ba a yi. Na ce "to". Amma ta san irin "to" ɗin.

Saura maganar ruwan da ke cikin kwalaben. Na ji warinsa tun da ta buɗe, na kuma tambaya kai tsaye. Ta ce sifirit ne, irin wanda ake goga wa mutum a asibiti kafin allura, shi ke hana nama ruɓewa. Ta ce tsoron barin su ta yi a makarantar da ba kowa, kada ruwan ya bushe ba mai ƙarawa. Na yi tunani na ga cewa abin da likita ke shafa wa liman a hannu bai zama abin maye ba don an zuba shi a kwalba. Na kafa doka uku: ɗakin ya zauna a kulle, kada a kusanto da wuta, kada yara su shiga. Da yamma kuma na je wurin Hamma na gaya masa cewa akwai namun teku cikin maganin asibiti a ɗakina, na karatun yarinyar nan ne. Yana sauraron rediyo. Ya ce, "Madalla." Masu cewa an ɓoye masa, ga amsarsu nan.

Aka yi makonni lafiya. Tana fitar da kwalba ɗaya-ɗaya, ta auna, ta zana, ta mayar. Wasu ranakun takan tafi wajen Vinikilang gidan wata ƙawarta da ke da madubin ƙara girman abu. Ranar da abin ya faru can ta tafi tun safe, ni kuma ina sito a Jimeta.

Ga yadda uwarku ta ba ni labari, kuma uwarku ba ta ƙara gishiri a magana. Yayarmu Goggo Nenne ta zo neman babbar tabarmar da ke ɗakina saboda wani suna da za a yi. Ta nemi makulli. Uwarku ba ta da ikon hana yayar mijinta makulli. Goggo ta shiga, ta ji wari, ta ɗaga zanen da aka rufe kwalaben da shi, ta ga idanu suna kallonta. Ta fito da gudu ba ɗankwali tana salati, tana cewa hannuwan jarirai ne aka jiƙa cikin giya. Hamma ya shiga ya duba. Ya sansana, ya ga 'yan takardun da ke ciki da rubutun da bai iya karantawa ba, ya ce layu ne. Uwarku ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Hamma, don Allah a jira babansu ya dawo."

"Ni ne babanta."

"To a jira ita. La'asar za ta dawo."

"Ƙazanta ba ta kai la'asar a gidan nan."

Daga Yola zuwa inda nake aiki, mai babur zai je ya dawo kafin a sauke tukunya. Ba a aiko ba. Hamma ya sa 'ya'yansa maza suka haƙa rami a bayan gida gindin dogon yaro. Aka juye kwalaben duka a ciki, ɗaya kan ɗaya. Aka tsince takardun aka shanya a rana suka bushe aka ƙone su. Aka zuba toka mai zafi a ramin, aka daddage da fartanya, aka rufe. Kwalaben kuwa ba a fasa su ba. Goggo ta wanke su da ƙasa da sabulu ta raba wa matan gida, domin ta ga bakinsu da faɗi kuma murfinsu na rufuwa sosai. Abin da ya yi ƙazantar da ba zai kai la'asar ba, kafin magariba an zuba masa yaji da daddawa. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ajiye alƙalami na ɗan fita na sha iska.

Ni da Addarku kusan tare muka iso. Na same ta a bayan gida tana tonon ramin da hannu. Kun san zafin Yola a wannan lokaci, ƙasa kanta ƙuna take. Abin da ta ciro ya cakuɗe da toka, an sassare shi, ya fara wari. Ta daɗe tana laluben ƙaramar nan, ba ta same ta ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a ƙasa ta ce:

"Baba, ko na ciro su duka, ban san wacce daga ina take ba. Yanzu nama ne kawai."

Na kawo mata ruwa a buta ta wanke hannu.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila har yau muna gidan Yola. Mutum yakan yi ɓarna cikin tsoro da rashin sani, idan an yi masa bayani ya ce ya yi kuskure, a wuce wurin. Ni abin da na sa rai ke nan. Amma washegari bayan la'asar Hamma ya tara gida a tsakar gida, maza a tabarma, mata a bakin ɗakuna, ya sa aka kira ta ta tsaya a tsakiya. Ya lissafa mata laifi uku. Ta shigo da giya gidan da ake karatun Alƙur'ani. Ta shigo da abin da ba a san kansa ba tare da layu. Ta yaudari dangi ta ce kifi take karanta. Sannan ya yanke hukunci: ta durƙusa ta nemi gafarar gida, kuma ta bar zancen komawa bakin teku, za a nema mata koyarwa a nan Yola.

Ta ce, "Baffa, ka ba ni dama in yi bayani."

"Ba bayani na nema ba. Gwiwa na nema a ƙasa."

Ba ta durƙusa ba, ba ta kuma ɗaga kai ba. Tana tsaye tana kallon yatsun ƙafarta, duk farcenta sun karye saboda tonon jiya. Bisa al'ada, aikina a wannan zama shi ne in kalli tabarma. Uba ba ya magana kan ɗiyar fari. Kowa ya san haka, Hamma ya fi kowa sani, kuma da wannan shirun nawa ya dogara ya tara mutane. Nan ne raina ya ɓaci fiye da jiya. An kafa kunyar nan ne domin kada uba ya lalata ɗansa da gata, domin a samu wani babba da zai riƙe yaron da adalci. Ba a kafa ta don a ɗaure bakin uba a yi wa ɗansa ƙazafi ba. Na ga cewa idan na yi shiru ta durƙusa, to gida ya shaida cewa ta aikata, kuma wannan shaidar za ta bi ta duk inda ta je.

Na ce, "Hamma, ina da magana."

Ya juyo yana mamaki.

"Umaru, ba zamanka ba ne."

"Na sani. Amma zan yi. Na farko, ba giya ba ce. Shi ne abin da aka goga maka a hannu watan jiya da aka yi maka allurar zazzaɓi, ban kuma ga ka sake alwala don shi ba. Na biyu, ba layu ba ne, sunayen garuruwan bakin teku ne, da ka kira kowane ɗan firamare a gidan nan da ya karanta maka. Na uku, ba ta yaudari kowa ba, ba wanda ya tambaye ta. Na huɗu, ni na gaya maka da bakina, ka ce madalla."

Goggo Nenne ta ce daga bakin ɗaki:

"Kai Umaru, ka ji kunya mana! A kan waccan kake ɗaga wa Hamma murya?"

"Ban ɗaga murya ba, Adda Nenne. Kuma ba waccan ba ce. Hadizatu ce. Hadizatu ba ta yi laifi ba, Hadizatu ba za ta durƙusa ba."

Uwarku ta rufe fuska da mayafi. Ita kanta Hadizatu ta ɗago ta kalle ni kamar wani baƙo ne ya yi magana, domin tun da take ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Hamma ya daɗe yana kallona.

"A gabana ka kira sunanta?"

"Kai ka raɗa mata shi, Hamma. Suna ne mai kyau. Ba zan bari a ɓata shi ba."

"To gidan nan ba ya ɗaukar wanda ya zubar da kunya. Ko ta durƙusa, ko ku san inda za ku."

Ya tashi ya naɗe buzunsa ya shige. Ina jin wasu suna cewa in bi shi in ba shi haƙuri tun zuciya ba ta yi tauri ba. Na bi shi har ƙofar ɗakinsa, na ce ina ba shi haƙurin yin magana a zaman da ba nawa ba, wannan na yarda na karya al'ada. Amma maganar da na faɗa ba zan janye ba. Ya ce daga ciki, ita yake so a janye.

Ranar Litinin na gaya wa Yohanna a sito. Ya saurara har na gama, ya girgiza kai.

"Duka? Har ƙaramin nan da yarinya ya naɗe da ɗankwali?"

"Har ita."

"Kai, Malam Umaru. Mu ma a wajenmu in tsoho ya ga abu a kwalba haka zai yi ihu. Amma ai sai a kira mai abu a tambaye shi." Sannan ya ce, "Maƙwabcina a Jimeta an yi masa canjin aiki, gidan babu kowa. Ka zo ka gani. Amma in gaya maka, madam ɗina tana waƙar coci tun asuba, kada ka ce ban faɗa ba."

"Ni ma ina tashi asuba."

"To shi ke nan, za ku yi gasa."

Da motar a-kori-kura ta wani ɗan'uwansa muka kwashe kaya, da rana tsaka, ta ƙofar zaure, domin na ƙi a ce mun sulale. Haka kuka zama 'yan Jimeta. Waɗanda suke ƙanana a cikinku sun ɗauka sabon gida aka saya don jin daɗi.

Yanzu in faɗi abin da wannan ya ci mini, domin kada ku ɗauka kyauta ne. A gidan Yola aka haife ni, a can aka binne cibiyata, a ɗakin da na baro ne mahaifina ya cika. Na bar masallacin ƙofar gida inda na san tarin kowane tsoho. A Jimeta na zama mutumin da ake tambaya daga ina yake. Kowace Salla ina shiga mota in je Yola in gaida Hamma, domin shi yayana ne, wannan bai canza ba. In durƙusa in gaishe shi da Fulatanci kamar yadda aka koya mana, ya amsa da "jam", wato lafiya, guda ɗaya yana kallon bango. Haka muka yi har ƙarshen ransa. Da ya kwanta ciwo na je, aka ce yana barci. Da ya rasu na je, aka ce an riga an zaɓi masu wanka. Mutumin da ya goya ni ya ƙetare da ni kwata lokacin damina, a sahun baya na tsaya na yi masa salla, cikin maƙwabta. Na yi kuka a ranar, ina kuma yi masa addu'a har yau. Amma addu'a daban, gaskiyar abin da ya faru daban.

Ita kuwa Hadizatu, da aka buɗe makaranta ta koma hannu wofi. Abokan karatunta suka gama suka bar ta. Ta sake bin masunta daga farko, gari bayan gari. Ta sake tara mafi yawansu, ta raba su sashe-sashe, ta zana taswirar inda kowacce take zaune, yanzu ma da ita take koyar da ɗalibai a can. Na ga taswirar, ta nuna mini. Amma ƙaramar nan mai siraran hannuwa ba ta sake fitowa a komar kowa ba. Zanenta kawai ya rage, kuma ta ce a aikinsu ba a karɓar zane sai an ga abin a kwalba. Na taɓa tambayarta ko har yanzu tana nema. Ta ce duk jirgin da ya sauke kaya daga ruwa mai zurfi sai ta je. Ga shi yanzu furfura ta fara fito mata.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba ramin ba ne. Ramin na yini ɗaya ne. Abin da ya fi shi shi ne, a duk gidan nan, cikin waɗanda suka haƙa da waɗanda suka zuba da waɗanda suka ci yaji daga kwalaben, ba a samu mutum ɗaya da ya zo ya ce mata sannu ba. Yaran da suka riƙe fartanya a ranar sun yi karatu, wasunsu manyan ma'aikata ne, sun ga mai hannu takwas a talabijin, sun san mece ce. Sun sani sarai. Amma gyara labarin yana nufin su ce mahaifinsu ya yi kuskure, don haka suka bar ƙaryar tana yawo a bakin mata a wuraren biki, har ta kai kunnen jikata. Suna kiran abin kishin addini. Ni ma a gidan malamai na tashi, kuma ban taɓa jin inda aka ce a hukunta mutum kafin a ji ta bakinsa ba.

Bara babban ɗan Hamma, wanda ke riƙe da gidan yanzu, ya aiko mini da saƙo ta bakin wani dattijo. Ya ce zumunci ya fi komai, ƙofa a buɗe take. Abin da ake so kawai shi ne Hadizatu ta zo ta durƙusa gaban manyan gida ta ce a yafe mata, ba sai an ambaci laifin ba, a rufe magana. Na ba dattijon ruwa ya sha, na raka shi bakin titi, na ce ya gaida mutanen gida.

Na san dangina, na san lokacin da suke jira. Ranar da na mutu za su zo, kuma ina so su zo. Za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan nan, bayan an dawo daga maƙabarta wani mai farin gemu zai gyara murya ya ce marigayi mai son zumunci ne, albarkacinsa a kashe wannan tsohuwar magana yau. Za a kira ta cikin mutane, idonta a kumbure, a ce kalma ɗaya ce kawai, ta yi don babanta. A wannan rana ba ta da ƙarfin ƙi, ni kuma ba ni da bakin magana.

Saboda haka ga roƙona gare ku, ku 'ya'yana da duk wanda ya karanta wannan cikin zuriyata. Ku karɓi mutanen Yola da mutunci, ku ba su wuri mai inuwa, ku fara ba su abinci kafin kowa. Amma idan aka kira Hadizatu tsakiya, ku tashi ku tsaya kusa da ita, ku gaya musu da ladabi cewa ni na hana tun ina da rai. Kada ku bari a sa ta durƙusa da sunana.